Jaririna mai shan nono zalla ya kwana biyar bai yi kashi ba, me zan ba shi?

Wata baiwar Allah da ke zaune a Agege ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Anti. Ɗana na fari yana da wata biyu da 'yan kwanaki, kuma tun da aka haife shi ban ba shi komai ba sai nono. Da yana kashi sau biyar ko shida a rana, amma yau kwana biyar ke nan bai yi ba. Yana yawan tusa mai wari, wani lokaci kuma ya yi ta nishi har fuskarsa ta yi ja. Yana shan nono sosai, yana fitsari, ba shi da zazzaɓi. Uwar mijina ta bugo waya daga gida ta ce in ba shi ruwan ɗumi da zuma, maƙwabciyata Bayarabiya ta kawo mini agbo, wato jiƙon maganinsu na gargajiya, wata kuma ta ce in sa masa ɗan sabulu a dubura. Don Allah wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana shi, ya albarkaci rayuwarsa, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki ɗura masa wani abu, domin a shekarun da na yi ina aikin jinya da karɓar haihuwa a Legas, yaran da rashin kashi ya galabaitar da su ba su kai yawan waɗanda maganin rashin kashin ya kwantar ba. Kada ki yi ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun nan. Bisa ga abin da kika bayyana, yaronki yana cikin wani mataki ne da jarirai masu shan nono zalla suke shiga da yawansu, kuma mai yiwuwa kafin ki gama karanta wannan amsa ya cika miki kunzugu har gadon baya. Sai dai ina so ki fahimci dalilin, saboda wannan magana ta "kwana biyar bai yi kashi ba" tana da ma'ana dabam a wajen jariri ɗan mako biyu, tana da wata a wajen ɗan wata biyu, tana kuma da wata a wajen ɗan wata bakwai da ya fara shan koko.

Kashin farko da jariri yake yi baƙi ne mai sirkin kore, mai danƙo kamar kwalta, kuma ba ya wari. Shi ne tarin abin da ya haɗiya tun yana cikin mahaifa, kuma ana sa ran ya fita cikin awa 24, ko a ƙalla kafin awa 48 da haihuwa. Abin da ke taimaka masa ya fita shi ne dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin ɗorawa wanda har yanzu wasu gidaje suke matsewa su zubar bisa zaton gurɓatacce ne. Dakashin nan yana sassauta ciki, yana kuma taimakawa wajen fitar da sinadarin da ke jawo shawara, saboda haka zubar da shi asara ce babba. A rana ta uku zuwa ta huɗu kashin yakan koma kore-kore mai ɗan ruwa, daga wajen rana ta biyar kuma sai ya zama ruwan ɗorawa, mai laushi kamar kunu, da 'yan gudaji ƙanana kamar an barbaɗa riɗi. Wannan shi ne kashin nono, kuma uwaye da yawa sukan ɗauke shi gudawa su fara neman magani, alhali kuwa lafiya ce.

A cikin makonni shida na farko, jaririn da yake ƙoshi yakan yi kashi sau uku ko fiye a rana, wani ma duk lokacin da ya kama nono sai ya yi, domin cikar tumbi tana motsa hanji. A wannan lokacin ne rashin kashi yake tayar mini da hankali. Idan aka kawo mini ɗan kwana goma aka ce ya kwana biyu bai yi ba, abin da na fara tunani shi ne nonon bai isa cikinsa ba: ko bai iya kama nonon da kyau ba, ko ana barinsa yana dogon barci ba a tashe shi, ko an cika masa ciki da ruwa. Irin wannan yaro sikeli yake bukata da gyaran yadda ake shayar da shi. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, amma bai kamata ragin ya wuce kaso 10 cikin 100 na nauyin haihuwarsa ba, kuma ya kamata ya dawo da nauyinsa cikin mako biyu. Daga nan, a watanni ukun farko, yakan ƙara wajen giram 150 zuwa 200 a kowane mako.

Naki ya wuce wannan mataki. Daga mako na huɗu zuwa na shida abubuwa sukan sauya: ragowar dakashi ta ƙare, nonon ya zauna, hanjin yaron ya ƙara ƙwari, kuma motsin nan da ke sa shi kashi da zarar ya sha nono ya lafa. Nono abinci ne da jiki ke tsotse kusan dukkansa, ba ya barin tuƙa mai yawa, saboda haka ɗan abin da ya rage yakan taru a hankali, kuma ba ya bushewa domin akwai sinadarai a cikin nonon da ke riƙe masa ruwa. Shi ya sa za ki ga yaro ya koma yin kashi sau ɗaya a kwana uku, wani sau ɗaya a mako, wani har kwana goma, kuma lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma waɗanda suke ci gaba da yi kullum har su isa wata shida, su ma lafiyarsu ƙalau. Na taɓa karɓar wata matashiya da ta taso tun daga Mile 12 da sassafe, idonta ya yi ja don kuka, ta ce ɗiyarta 'yar wata uku ta kwana takwas ba ta yi ba. Na kwantar da yarinyar, na taɓa cikin na ji shi da laushi, tana ta wutsil-wutsil da ƙafafu tana bangala mini dariya, cinyoyinta duk sun yi gaɓa-gaɓa. Ina cikin ɗora ta a sikeli sai muka ji ƙara, kafin uwar ta buɗe jaka kashin ya tsallake kunzugu ya ɓata riga da zanen goyo, ruwan ɗorawa mai laushi, cikin kofi guda ko fiye. Uwar ta tsaya tana kallo, ta ce, "Anti, duk wannan a cikinta yake?" Na ce mata a cikinta yake, kuma bai cutar da ita da komai ba.

Abin da muke kira taurin kashi ko bushewar ciki, da kamannin kashin ake gane shi. Idan ya fito a bushe, ƙulu-ƙulu kamar na akuya, ko da ƙarfi kamar ɓawon gyaɗa, yaron yana ihu saboda zafi, wani lokaci har da ɗan zaren jini a jikin kashin saboda duburar ta tsage, to wannan shi ne taurin kashi, ko da kuwa kullum yake yi. Idan kuwa ya fito da laushi, to ba shi ba ne, ko da mako guda ya yi kafin ya fito. Jaririn da ba ya shan komai sai nono da wuya ƙwarai ya yi taurin kashi na gaskiya, har ma idan na ga hakan nakan sake tambayar uwar a hankali ko akwai wani abu da ake ba shi a bayan idonta, na kuma nemi likita ya duba shi.

Nishin da kika ambata ma yana da bayani. Domin kashi ya fita, dole abubuwa biyu su faru lokaci guda: a matsa ciki daga sama, a kuma saki ƙofar dubura daga ƙasa. Babba yana yin wannan ba tare da tunani ba, yana kuma tsugune, nauyin jikinsa na taimaka masa. Jariri kuwa yana kwance ne a bayansa, naman cikinsa bai yi ƙarfi ba, kuma sau da yawa yana matsa cikin yana kuma matse duburar a lokaci guda. Sai ya yi ta yunƙuri, ya yi kuka, fuskarsa ta yi ja ko ta yi duhu, na tsawon minti goma ko ashirin, a ƙarshe kashi mai laushi ya fito, ko kuma ya huce bai yi komai ba. Kukan nan shi ne hanyar da yake bi ya ƙara matsa cikinsa. Likitocin yara suna kiran wannan diskiziya, ana ganinsa a yaran da ba su kai wata tara ba, kuma yakan wuce da kansa cikin 'yan makonni da zarar yaron ya koyi haɗa matsawa da saki. Tusa mai wari kuma alama ce mai kyau a wajena, domin tana nuna hanya a buɗe take, warin kuwa na abin da ya kwana a hanji ne.

Yanzu sai shawarwarin da aka ba ki, kuma na san duk cikin ƙauna aka ba ki su. Zuma abu ne mai daraja, addininmu ya yabe ta, kuma ba na musun amfaninta ga babba da yaron da ya tasa. Amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko ɗigo. Dalili shi ne zuma takan ɗauko irin wata ƙwayar cuta da ake kira botulinam, wadda ba a gani da ido, ba ta sauya ɗanɗano, kuma ruwan ɗumi ko tafasawar gida ba su kashe ta. Hanjin babba yana da abin da zai hana ta tsirowa, na jariri kuwa bai samu wannan kariya ba tukuna, sai ta tsiro a ciki ta saki guba mai kashe jijiyoyi. Abin takaicin shi ne alamar farko ta wannan ciwo ita ce rashin kashi, sai uwa ta ƙara zumar don ta yi magani, daga nan yaro ya fara kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki, fatar idonsa ta sauko, har abin ya kai ga numfashi. Ba ciwo ne mai yawa ba, amma idan ya zo sai an kwana a ɗakin masu tsananin jinya, kuma babu wata riba a zumar da ta kai a yi wannan kasada.

Ruwan da za a haɗa da zumar ma ba ya bukatarsa. Na san zafin Legas, na san yadda ɗaki ɗaya a gidan haya yake zama a watan Maris idan aka ɗauke wuta, kuma na san uwa tana jin ƙishi sai ta ga kamar zalunci ne a hana jaririnta ruwa. To, nono kansa kusan kaso 88 cikin 100 ruwa ne, kuma na farkon da ke zubowa idan ya kama ya fi tsinkewa, shi ne ke kashe masa ƙishi. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar shayar da nono zalla na wata shida, ba tare da ko ruwa ba, har a ƙasashe masu zafi irin namu. Idan aka ba shi ruwa, ya cika masa ɗan tumbinsa, ya rage shan nono, nonon ya ragu, nauyinsa ya tsaya. Idan ruwan ya yi yawa kuma, ƙodarsa ba ta iya fitar da shi da sauri, gishirin jininsa ya tsinke har ya kai ga jijjiga. Ga kuma maganar tsabtar ruwan kansa: da yawa daga cikinmu daga 'yan garuwa muke saye, ko rijiyar burtsatse, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. Idan ya ji zafi, ki ƙara ba shi nono, ke kuma ki sha ruwan.

Agbo kuwa, da ɗan'uwansa na wajenmu, wato bauri ko dauri da sauran jiƙe-jiƙe, matsalarsu ita ce babu mai iya gaya miki abin da ke ciki da yawansa. Wani da sassaƙe ake haɗa shi, wani da kanwa, wani da kafur, wani ma da barasa ake jiƙa shi don kada ya lalace. Hanta da ƙodar ɗan wata biyu ba su kai su sarrafa waɗannan abubuwa ba. Abin da mutane suke gani a matsayin "ya yi aiki" shi ne yaro ya tsuge da gudawa, su ce ga dattin ya fita, alhali hanjinsa ne aka ƙona. Haka nan nake cewa game da man zurma da man farafin: na farko yana murɗa hanji da ƙarfi har yaro ya bushe, na biyu kuma idan ya sarƙe ya shiga huhu yakan jawo ciwon da ke da wuyar magani. Kuma ina roƙonki ki kiyayi shiga kemis ki ce a ba ki maganin cikin jarirai. Mu da muke aiki a garin nan a ƙarshen 2008 ba za mu manta da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ba, wanda aka gano yana ɗauke da wani sinadari mai lalata ƙoda, aka kuma tabbatar da mutuwar yara a ƙalla 84 a faɗin ƙasar kafin hukumar NAFDAC ta gama janye shi daga kasuwa. Iyayen yaran nan ba su yi nufin komai ba sai sauƙaƙa wa 'ya'yansu, sai aka je neman gira aka rasa ido.

Sabulu a dubura shi ne ya fi ɓata mini rai, domin na ga abin da yake yi da idona. An taɓa kawo mini yaro ɗan mako bakwai da aka fere masa sabulun wanki kamar tsinke aka cusa masa, sau uku a cikin mako guda. Da na buɗe kunzugun, kewayen duburar ya yi jawur kamar an zuba ruwan zafi, fatar ta saluɓe, yana fitar da majina da ɗan jini, kuma ko iska ta taɓa wurin sai ya ƙwalla ƙara. Fatar cikin dubura siririya ce ƙwarai, sabulu kuwa yana cin ta. Haka ma cusa tsinken auduga, ko bakin ma'aunin zafin jiki, ko yatsa da man shafawa: suna iya sa kashin ya fito a lokacin, amma suna iya yi masa rauni, kuma suna hana shi koyon abin da jikinsa ke ƙoƙarin koya, sai ya zama ba ya yi sai an taɓa shi. Sau da yawa jan da wurin ya yi sai a ce ɗankanoma ne ko basir, a sake nemo wani maganin a ɗora a kan na farko.

Game da Hajiya, uwar mijinki, kuwa, kada ki yi jayayya da ita a waya, kuma kada ki ce mata ba ta sani ba, domin ta raini yara kafin a haife ki. Ki gaishe ta, ki gode mata, ki ce kin kai maganar asibiti an ce a dakata da zuma sai ya shekara. Mafi kyau ma maigidan ne ya kamata ya faɗa mata, domin magana daga bakin ɗa ta fi sauƙin karɓa a kan ta suruka. Na ga gidaje da yawa da aka samu zaman lafiya a kan wannan batu saboda mijin ya raka matarsa awo sau ɗaya ya ji bayanin da kunnensa.

Abin da za ki iya yi masa a gida kaɗan ne, kuma duk mai sauƙi ne. Ki ci gaba da ba shi nono duk lokacin da ya nema, dare da rana, ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗayan, domin ruwan nonon da ke fitowa a ƙarshen shan ya fi maiƙo. Idan ya fara nishi, ki kwantar da shi a bayansa ki kama ƙafafunsa ki riƙa juya su kamar mai tuƙa keke, sannan ki naɗe gwiwoyinsa zuwa cikinsa ki riƙe na ɗan lokaci, domin wannan yana ba shi irin zaman tsuguno. Ki shafa ɗan man kaɗanya ko man kwakwa a tafin hannunki ki riƙa shafa cikin a hankali kewaye da cibiya, kina bin yadda hannun agogo ke juyawa, saboda ta nan babban hanji ya bi, amma ba nan take bayan ya sha nono ba. Wanka da ruwan ɗumi yana sassauta masa jiki, goyo ma yana taimakawa. Idan yana farke kina kusa, ki riƙa kifa shi a kan cikinsa na 'yan mintoci, amma barci kam a bayansa zai yi.

Akwai alamomin da idan kika ga ko ɗaya daga cikinsu ba a jiran gari ya waye. Na farko shi ne amai kore shar, launin ganye, wanda yake dabam da tumbuɗin nono fari da kowane jariri ke yi, domin yana iya nuna hanji ya toshe ko ya murɗe, kuma a irin wannan awa ɗaya ma tana da tsada. Haka nan idan ciki ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, ko tusar ma ta tsaya, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki yana barcin da ba a iya tashinsa, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'auni alhali bai cika wata uku ba, ko kika ga jini a kashin, musamman jini haɗe da majina tare da kuka mai zuwa yana tafiya yana naɗe ƙafafu. Idan fitsarinsa ya ragu ƙasa da kunzugu shida masu nauyi a yini da kwana, ko maɗigarsa ta faɗa, shi ma abin gaggawa ne. Daga Agege, babban asibitin Orile Agege yana kusa da ke, asibitin koyarwa na jiha yana Ikeja, na tarayya yana Idi-Araba, akwai kuma asibitin yara na titin Massey a cikin tsibirin Legas. Da cunkoson garin nan, mafi kusa shi ne mafi alheri, su za su tura ki gaba idan da bukata.

Akwai kuma cututtuka uku da ba sa zuwa da hayaniya, shi ya sa nake so ki san su. Ki tuna ko yaronki ya yi baƙin kashinsa na farko cikin kwana biyu da haihuwa. Idan ya makara, kuma tun daga lokacin cikinsa yana yawan kumbura, kashin ba ya fita sai da taimako, nauyinsa kuma ba ya ƙaruwa, likita zai binciki wata cuta mai ɗauke da sunan likitan Denmak da ya bayyana ta a 1886, Harald Hirschsprung. A cikinta, ƙarshen hanji ba shi da jijiyoyin da ke sa shi ya saki, sai kashi ya taru a bayansa. Tana samun kimanin jariri 1 cikin 5,000, ta fi yawa a maza, kuma ana gyara ta da tiyata. Yaron da ya yi wata biyu yana kashi sau biyar a rana da kansa kamar naki, da wuya ya zama ita ce. Ta biyu ita ce ƙarancin aikin ƙullin tayirod na maƙogwaro, wanda ke sa jariri yawan barci, sanyin jiki, shawara mai daɗewa, babban harshe, dusasshiyar murya da rashin kashi. Gwajin jini ne ke nuna shi, maganinsa ƙwaya ce ƙarama a kullum, kuma idan aka fara da wuri ƙwaƙwalwar yaro takan tsira. Ta uku launi ne ke tona ta: idan kashin jariri ya fito fari ko toka-toka kamar alli, fitsarinsa ya yi duhu, idonsa kuma bai washe daga shawara ba bayan mako biyu, ana jin tsoron toshewar hanyar ɗaci daga hanta, kuma aikin da ake yi mata ya fi nasara idan an yi shi kafin yaro ya kai kwana 60. Kore, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, duk launuka ne na lafiya. Fari, ja, da baƙi bayan kwanakin farko, su ne na kaiwa asibiti.

Uwaye sukan tambaye ni ko abin da suke ci ne ya ɗaure cikin yaro, ko kuma don su kansu suna fama da taurin bayan gida. Taurin cikin uwa ba ya bin nono, ƙwayar ƙarin jini da aka ba ki bayan haihuwa ma ba ta ɗaure cikinsa, saboda haka kada ki daina sha. Ki ci tuwonki da miyar ganye, ki ci wake, gwanda da lemo don amfanin kanki. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne magunguna masu ƙarfi irin su tiramadol da maganin tari mai kodin, domin su kam suna shiga nono, suna sa jariri barci mai nauyi da ɗaurewar ciki, har su taɓa numfashinsa.

Idan wata rana kasuwa ko aiki ya sa kika fara haɗa masa da madarar gwangwani, ki sa ran kashin zai sauya, ya ƙara kauri da wari, kuma a nan taurin kashi na gaskiya yakan fara leƙowa. Kuskuren da na fi gani shi ne a cika cokali ya yi tozo, ko a ƙara cokali ɗaya don yaro ya ƙoshi. Ruwa ake fara aunawa, sannan a zuba garin da cokalin da ya zo a cikin gwangwanin, a shafe bakinsa, daidai yadda aka rubuta a jiki. Kafin ki kai ga madara ma, ki gwada tatsar nononki a kofi mai tsabta mai murfi, domin yakan kai awa huɗu a ɗaki bai lalace ba.

Lokacin da za ki fi bukatar wannan bayani shi ne idan ya cika wata shida ya fara cin abinci. Kokon da muke damawa an tace shi an cire dusar, shinkafa fara ce, ayabar da ba ta nuna sosai ba tana ɗaure ciki, ga kuma garin jarirai na gwangwani, sai a haɗa wa yaro waɗannan a rage masa nono, cikin mako biyu kashinsa ya koma kamar tsakuwa. A wannan shekarun an yarda a ba shi ruwan da aka tafasa ya huce, 'yan kurɓi a kofi bayan abinci. Ki dama masa gwanda nunanniya, ko fiya, ko mangwaro, ko dankalin Hausa, ki sa masa miyar kuɓewa ko alayyafo da aka niƙa, ki ba shi wake da aka dafa ya yi lugub, ki kuma ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa a kokonsa, nono kuma ya ci gaba. Idan duk da haka kashin yana fita da tauri da zafi, kada ki bari abin ya daɗe, domin yaron da ya ji zafi sau biyu yakan fara riƙe kashin don tsoro, riƙewar kuma ta ƙara busar da shi. Likita yana da magunguna masu sauƙi irin su laktulos, wanda ke jawo ruwa cikin hanji, da ɗan gilisarin na cusawa da ake amfani da shi jefi-jefi, amma shi zai auna gwargwadon nauyin yaron ya kuma faɗi tsawon lokacin sha.

A wannan makon, ki riƙa ƙirga kunzugun fitsarinsa daga safiya zuwa safiya, ki kuma riƙa taɓa cikinsa idan yana kwance cikin natsuwa don ki san yadda laushinsa yake. Idan kashin ya zo, ki ɗauki hotonsa da waya a cikin haske kafin ki wanke, domin ya fi kowane kwatance amfani a wajenmu. Rigakafinsa na mako goma ya matso, saboda haka ki je da katinsa, ki tabbata an ɗora shi a sikeli an rubuta nauyin, ki kuma nemi a nuna miki ko layinsa yana hawa. Idan ya wuce mako guda bai yi ba, ko da yana wasa yana shan nono, ki kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a taɓa cikin a duba duburar, don hankalinki da na Hajiya su kwanta.